Labarin Manuwa Mai Sunan Ƙasarmu

Mu mutanen Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari, iyakar saninmu da jirgin ruwa shi ne kwalekwalen fito. Ga shi kuwa akwai wani babban jirgin yaƙi na Ingilishi, irin wanda ake kira manuwa, da ya yawata tekunan duniya da sunan ƙasarmu, watau H.M.S. Nigeria. Ya kamata mu san labarinsa, mu da za mu koyar da yara labarin ƙasa.

An ƙera shi a bakin kogin Tyne a arewacin Ingila, aka sa shi a ruwa cikin watan Yuli 1939, ya kama aiki cikin Satumba 1940. Tsawonsa ƙafa 555, watau yadi 185. Manyan igwoginsa 12 ne, faɗin bakin kowace inci 6, mutanen cikinsa kuwa sun haura 700.

Aikinsa na fari a tekun arewa ne, inda sanyi ke daskarar da ruwa. A nan ya yi abin da muke gani ya fi duk sauran ayyukansa amfani. Jamus suna da wata na'ura wadda take hargitsa haruffan saƙonninsu, ba mai iya karantawa sai wanda ya san mabuɗin ranar. Masanan Ingila suka lura lalle ne ƙananan jiragen Jamus masu duban yanayi su riƙa ɗauke da takardun wannan mabuɗi. Saboda haka ran 28 ga Yuni 1941 Nigeria da wasu jirage uku suka faɗa wa ɗayansu, mai suna Lauenburg, kusa da tsibirin Jan Mayen. Mutanensa suka tsere cikin ƙananan jirage, aka hau aka kwashe takardun, sa'an nan aka nutsar da shi. Da takardun nan aka yi ta karanta asirin rundunar ruwan Jamus cikin watan Yuli, jiragen da ke kai wa Ingila abinci suka riƙa kauce wa inda abokan gāba ke fako. Ba a bayyana wannan al'amari ba sai shekaru da yawa bayan yaƙi.

Cikin Satumba na shekarar nan shi da Aurora suka nutsar da jirgin Jamus mai suna Bremse a arewacin Norway. Ya kuma yi rakiyar ayarin jiragen da ke kai kayan yaƙi Rasha.

Daga nan aka juya da shi kudu, zuwa Bahar Rum, inda yunwa ta kusa ta ci tsibirin Malta. Cikin Agusta 1942 aka tashi ayarin jiragen kaya 14, shi yana cikin 'yan rakiya. Ran 12 ga wata wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya, Axum, ya same shi da nakiya, mutum 52 suka hallaka. Bai nutse ba, ya lallaɓa ya koma Jibralta. Cikin jiragen kayan nan biyar kaɗai suka isa, amma abin da suka kai ya isa Malta ta tsira. Shi kuwa aka kai shi Charleston ta Amurka aka gyara.

Cikin 1944 aka tura shi tekun Indiya don yaƙin Jafan. Cikin Janairu 1945 yana bakin gaɓar Arakan ta ƙasar Bama, ya taimaka wajen saukar da soja a tsibirin Cheduba. A daidai lokacin nan sojanmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna fama cikin kurmin Arakan ɗin. Ashe sunan ƙasa yana bisa ruwa, 'ya'yanta suna bisa tudu, duk a fage ɗaya.

Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya da shi. Suka karɓe shi cikin 1957, suka sa masa suna Mysore, ya yi musu aiki har 1985.

To, 'yan'uwa, in mun tsaya gaban allo, mu bi da yara hanyar jirgin nan bisa taswira, daga Tyne har Arakan. In sun tambayi ganimarsa mafi girma, mu gaya musu 'yan takardu ne, waɗanda da ba su faɗa hannun masu ilmin karanta su ba, da ba su tsinana kome ba.