Ina Ruwan Uwargida Da Ofishin Jakadanci?

Na san da kin ga kan wannan rubutu za ki ce, "Malama, yau kuma siyasa za ki kai mu? Mu da muke fama da tukunya da tarbiyyar yara, ina mu ina harkar ƙasashen waje?" Ki ɗan yi haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe. Ni ma a da haka na ɗauka. Da zarar rediyo ta fara labarin jakada wane ya miƙa takardar kama aiki, ko minista ya tafi taro wata ƙasa, lokacin nake tashi in duba girki. Wata ɗalibata ce a ajin matan aure na Islamiyyarmu a Tudun Wada ta sauya mini tunani.

Mace ce mai ƙwazo da ba ta fashi, sai kawai na daina ganin ta. Da na bi ta gida bayan la'asar na tarar duk ta rame. Ashe 'yarta ce, bazawara mai 'ya'ya biyu, wata dillaliya ta yi wa hanya zuwa Saudiyya da bizar Umara, wai za ta samu aikin gida ta riƙa aiko da Riyal. Sai da aka sayar da buhunan masara da awaki aka cika kuɗin. Da saukarta wanda ya tarbe ta ya karɓe fasfo, biza ta ƙare, ta zama 'yar takari, ba ta fita sai a ɓoye. Wata biyu ba a ji muryarta ba. Uwar ta dube ni da hawaye ta ce, "Malama, ke kin yi boko, wa zan kai wa kukana? Mai unguwa ikonsa bai wuce unguwa ba, hakimi ma iyakarsa ƙasarsa."

Wallahi ranar nan na rasa amsar da zan ba ta. Sai daga baya labari ya zo cewa an kama yarinyar a wani samame. A wurin da ake tsare su ne jami'an ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda suka tantance cewa 'yar ƙasa ce, suka ba ta takardar tafiya ta gaggawa a madadin fasfonta. Ta dawo ba ko sisi, amma ta dawo da ranta da mutuncinta. Tun daga nan na daina tashi in an zo labarin jakadu.

Jakada, Sarkin Zangon Zamani

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu na wannan yanki fatake ne. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja ya fara ɗaukaka. A wancan zamani, in ayari ya isa Salaga ko Kumasi ba ya sauka ko'ina sai zango. A can akwai Sarkin Zango da masu masauki. Su ke ba baƙo ɗaki, su tsaya masa a ciniki, in rigima ta taso su je gaban sarkin gari su yi magana da yawunsa, in ya rasu su yi masa sutura su adana dukiyarsa har magada su zo. Dalili kuwa shi ne baƙo ko da idonsa makaho ne.

To uwargida, ofishin jakadanci shi ne zangon zamani. Nijeriya tana da irin waɗannan ofisoshi 109 a faɗin duniya, duka a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja. A Saudiyya babban ofishin yana Riyad, ƙaramin yana Jidda. Aikinsu kashi biyu ne. Na farko, jakada shi ne bakin shugaban ƙasa a wurin mahukuntan ƙasar da aka tura shi. Na biyu, wanda ya fi shafar mu, shi ne hidimar ɗan ƙasa: sabunta fasfo, ba da takardar gaggawa ga wanda nasa ya ɓata, ziyartar wanda aka tsare, da tsayawa kan gawa da kayan mamaci. Akwai ma yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyanna a 1963, wadda Nijeriya da Saudiyya duk suna ciki. Ta tanadi cewa duk baƙon da aka kama yana da haƙƙin ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, jami'ansa kuma su zo su gan shi. Mata nawa ne cikinmu suka san da wannan haƙƙi kafin su hau jirgi?

Ranakun Da Muka Ga Amfaninsa

Wataƙila kina tuna Hajjin 2012. A watan Satumba na shekarar, hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya fiye da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina, suka ce ba su da muharrami. Mu a nan mun saba da fatawar Malikiyya cewa mace na iya yin Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, su kuwa a lokacin dokarsu ba ta tsaya nan ba. Har da matan da suka je tare da mazajensu aka tsare, don kawai sunan da ke fasfonsu na mahaifi ne, bai zo ɗaya da na miji ba. Aka fara juyo da su gida suna kuka, bayan shekarun da suka yi suna tari. Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai, Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya kira jakadan Saudiyya ya nuna masa ɓacin rai, sannan aka tura tawaga a ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal. Bayan tattaunawa Saudiyya ta yarda matan su koma. Daga 2021 kuma ita da kanta ta sassauta wannan sharaɗi. Kin ga nan zaman teburi ne ya mayar wa mata da Hajjinsu.

Na biyu, a Disambar 2018 wata ɗalibar jami'a daga Kano ta tafi Umara tare da mahaifiyarta, aka kama ta a Madina saboda wata jaka da aka liƙa wa sunanta ɗauke da ƙwayar tiramadol. A Saudiyya safarar ƙwaya na iya kai mutum ga hukuncin kisa. Binciken hukumar NDLEA ya gano wasu ɓata-gari ne a filin jirgin Kano suka yi wannan aika-aika, gwamnati ta miƙa hujjojin ta hanyar diflomasiyya, aka sake ta ranar 30 ga Afrilu, 2019. Da babu mai ɗaukar hujjar nan daga Kano ya ajiye ta gaban mahukunta a can, da Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare.

Na uku, ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, inda 'ya'yan Arewa da dama ke karatu a Khartum. Ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya ce an ware dala miliyan 1.2 don hayar motocin bas 40 da za su fitar da su. Yaran sun yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa kafin a cimma matsaya da ƙasar ta bar su su wuce. Jirgin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, a ƙarshe aka kwaso fiye da mutum 2,000. Duk uwar da ɗanta ke cikinsu ba sai an yi mata bayanin amfanin jakada ba.

Ina Kuɗin Suke Tafiya?

Yanzu bari mu zo kan kuɗi, domin zango ba ya tsayuwa da fatar baki. Kasafin Ma'aikatar Harkokin Waje da Naira ake rubuta shi, amma hayar gini a Jidda ko Landan, da albashin direba da tafinta, da kuɗin wuta da ruwa, duk da kuɗin ƙasar ake biya. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460. A cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Ki kwatanta da kanki: maigida yana ba ki kuɗin cefane yadda ya saba, amma kwanon shinkafa a Kwanar Ɗangora ya ninka sau uku. Ko dai a ƙara kuɗin, ko tukunya ta ragu. A 2025 ma'aikatar da kanta ta amsa cewa wasu ofisoshinta na fama da bashin haya da na albashin ma'aikata.

Bayan wannan, a Satumbar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadun Nijeriya su dawo gida, kuma sai a ƙarshen 2025 aka miƙa wa Majalisar Dattawa sunayen sababbi. Fiye da shekara biyu ofisoshin suka yi a hannun masu riƙon ƙwarya, kuma ministan lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya danganta jinkirin da ƙarancin kuɗi. Mai riƙon ƙwarya yana iya bakin ƙoƙarinsa, sai dai kin san in aka aiko miki da yaro daban, in mai gidan ya tako da ƙafarsa daban. Akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga cikakken jakada.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka kashe da sunan harkar waje daidai ne. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, sunayen 'yan Nijeriya 1,411 suka fito a jerin mahalarta, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi, jama'a suka yi ta ƙorafi. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: cikin kuɗin nan, nawa ne ke tafiya ga rakiyar manya, nawa ne ke isa ga teburin jami'in da zai bar ofis ya je gidan kaso ya duba 'yar talaka? Rage almubazzaranci wajibi ne, amma barin zango ya rushe asara ce da ke faɗowa kan marar gata, domin mai kuɗi in ya shiga matsala a waje lauya zai ɗauka.

Kada ki ce ba mu da ta cewa. Bebeji da Kiru suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai, Tudun Wada da Doguwa suna da ɗaya, kuma ta gabansu kasafin ma'aikatar nan yake wucewa kowace shekara. Sanatan Kano ta Kudu yana cikin masu tantance jakadu. Lokacin zaɓe mata ne ke cika layi tun da sassafe. In sun zo neman ƙuri'a, ba laifi ba ne shugabannin ƙungiyoyinmu na mata su tambaye su abin da suka yi kan 'ya'yanmu da ke tsare a waje, kamar yadda muke tambayar su taki da asibiti.

Namu Aikin A Cikin Gida

Jakada komai ƙwarewarsa ba ya iya goge laifin da aka aikata da gangan, kuma duk wadda ta karya dokar wata ƙasa tana jawo wa na bayanta tsanani. Don haka ga abin da nake gaya wa ɗalibaina:

1. In Hajji za ki, ki bi ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, wadda ke da jami'i a ƙaramar hukumarku, ko kamfanin da hukumar NAHCON ta ba lasisi. A 2025 kujera ta haura Naira miliyan 8. Duk mai ce miki zai kai ki da kuɗin da bai kama ƙafar wannan ba, ki bincika da kyau.

2. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta aiki ba. Wadda ta ce miki "in kin je sai ki ɓata", ta tura ki rami ne. In kin ga alamar safarar mata a unguwarku, hukumar NAPTIP tana da ofis a Kano.

3. Kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗaurin yaji ne, sai kin kwance kin gani. Ki ƙirga jakunkunanki, ki riƙe takardar shaidar awonsu.

4. Fasfo ba a ba wa kowa ajiya. Kafin tafiya a ɗauki hoton shafinsa na farko da na biza, a bar ɗaya a gida wurin maigida ko iyaye.

5. Ki tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a fasfo da katin ɗan ƙasa. Darasin 2012 ya ishe mu.

6. Duk ɗanki ko 'yarki da za su tafi karatu ko aiki waje, su nemi ofishin jakadancin Nijeriya su ba da sunansu da adireshinsu tun ana zaman lafiya, su rubuta lambar ofishin a takarda, kada su dogara da waya kaɗai.

Ɗalibar nan tawa ta dawo aji, 'yarta kuma yanzu tana sana'ar gyaran shinkafa, tana riƙe da 'ya'yanta a gabanta. Kwanan baya na ji tana gaya wa wata mai shirin tura ƙanwarta ta hannun dillaliya cewa, "Yaya, ki zo in ba ki labari tukuna kafin ki sayar da akuyarki."

Allah Ya tsare mana zuriya a gida da waje, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kai mu ɗakinSa ta hanyar da ta dace. Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.