Kitsen Jini Mai Nauyi da Garkuwar Jiki: Me Ya Sa Sammore Ba Ya Kama Makiyayi?

Gabatarwa

Makiyayan Gwandu da Kalgo masu kai shanu kudu cin rani sun san ɓarnar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabba ta rame har ta mutu. To, tsandon nan yana cizon makiyayi kamar yadda yake cizon saniya. Me ya sa cutar ba ta kama shi? Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa amsar tana cikin wani kitse da ke yawo a jinin ɗan Adam.

Aikin Kitsen a Cikin Jini

Kitse ba ya garwayuwa da jini, saboda haka jiki kan ƙunshe shi cikin furotin. Mafi nauyin waɗannan ƙunshe-ƙunshe shi likitoci ke kira HDL, kuma aikinsa shi ne kwashe rarar kolestarol zuwa hanta. Idan kolestarol ya yi yawa a fatar fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke cinye ƙwayoyin cuta, sai su yi saurin harzuƙa, su haddasa kumburi fiye da kima. HDL kan sauke musu wannan kaya, ya kuma kame dafin wasu ƙwayoyin cuta kafin ya tunzura su.

Batun Sammore

A 1902 Laveran, wani likitan Faransa, ya lura cewa ruwan jinin mutum yana kashe ƙwayar wannan cuta ta dabbobi. A 1978 Mary Rifkin ta nuna a Amurka cewa makamin yana jikin HDL. A 2003 kuma Etienne Pays da abokan aikinsa a Beljiyam suka gano furotin ɗin, ApoL1. Da zarar ƙwayar cutar ta haɗiye shi, sai ya huda fatarta, ta kumbura ta fashe. Saniya ba ta da wannan furotin. Sai dai nau'in da ke jawo wa mutane ciwon barci ya iya kauce masa.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce kowane allazi da nasa amanu. A 2010 aka gano cewa wasu ire-iren ApoL1 guda biyu, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gaje su ta wajen uwa da uba. Ke nan binciken wannan kitse ya shafi lafiyar mutanenmu kamar yadda ya shafi dukiyarsu.