A daina ɗaga wa jif sulo da sukundireba

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma ni dai ta ishe ni. Mutum ya kawo jif ɗinsa, Highlander ce ko CR-V ko Pathfinder, ya ce in ya tsaya a danja tana karkarwa, in ya kunna esi sai ta mutu. Kafin ya rufe baki yaron gareji ya ɗauko sukundireba. "Alhaji, sulo ne ya sauka, bari a ɗan ɗaga maka." A murɗa noti, ko a ja kebur ɗin totur a ɗaure shi tamau. Inji ya ɗauki ruri, karkarwa ta ɓuya, Alhaji ya biya ya tafi yana sa albarka.

Sulo dai kowa ya san shi: juyin da inji yake yi mota na tsaye, ƙafa ba ta kan totur. A yawancin jif masu shan fetur, in inji ya ɗau zafi allurar juyin inji tana zama tsakanin 600 da 800 a minti. Da sassafe takan haura 1,000, sannan ta sauko da kanta. Wannan lafiya ce.

Murɗa noti dabara ce ta zamanin kafireto, lokacin Fijo 504 da Bitil. A can daidai ne, domin notin sulo an yi shi ne don a murɗa. Motar injekta kuwa ba haka take ba. Kwamfutar da ke cikinta, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke riƙe da sulo. Tana auna iskar da ta shiga, ta aika mai daidai gwargwado, kusan awo 14.7 na iska a kan awo ɗaya na fetur, kuma tana ƙara juyi da kanta in an kunna esi ko an sa giya. Notin da ke jikin bakin injekta daga kamfani aka saita shi, shi ya sa sau da yawa za ka gan shi da ɗigon fenti. Ma'anar fentin nan ita ce kada a taɓa. In aka murɗa shi, kwamfuta na iya daina gane cewa direba ya ɗauke ƙafa, sai lissafinta ya rikice. Sakamakon kuwa sananne ne: ka sa giya ka ji "gaf", mota tana fizgarka a gosulo kana danne birki, mai yana zurarewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa yake da fetur ɗin ƙonawa a tsaye?

Abin haushin ma shi ne ciwon yana nan inda yake. Kamar mai ciwon haƙori ne ya ƙure rediyo don kada a ji nishinsa. Sabbin jif ɗin, waɗanda totur ɗinsu na lantarki ne, ko kebur ɗin ba su da shi, amma za ka tarar da mai neman inda zai murɗa. In bai samu ba sai ya yanke hukunci cewa birenbos ta ƙone, alhali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. Wani kuma ya zare ƙwan fitilar gargaɗi daga dashbod don hankalin mai mota ya kwanta. Wannan ha'inci ne, a ji tsoron Allah.

To me ya kamata a yi? Da farko ka lura da motarka kafin ka je gareji. In tana jijjiga a D amma allura ba ta motsi, kuma da ka mayar N ta lafa, a fara duba kujerun inji, wataƙila robarsu ce ta tsage. In allura tana hawa da sauka, galibi iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Ka buɗe bonet, ka lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga iyakilina zuwa bakin injekta, ka leƙa cikin ninkinsa. Zafin ƙasar nan yana busar da roba, tsagar kuma takan ɓuya a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ka saurari ƙananan tiyo, mai yoyo yakan yi sautin tsaki.

Sai datti, wanda shi ne babban mai laifi a wajenmu. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su yi danƙo a bakin injekta, su toshe 'yar kafar da iskar sulo ke bi. A tsofaffi irin RX300 da Highlander ta farko akwai wani bawul na sulo a gindin bakin injekta, shi ma yana cushewa. A kwance, a wanke da maganin feshi da tsumma mai tsabta. Amma a kula: wasu motocin, musamman Nissan masu totur na lantarki, bayan wanki sai an sake koya wa kwamfuta sulo, in ba haka ba ya tsaya a sama. Na'urar auna iska kuma, wato iyafulo, siririyar waya ce a cikinta. Tana da nata maganin feshi, ba a goga ta da buroshi ko a tsoma ta a fetur. Iyakilinar da ta yi baƙi a canja ta. Bugun ta a jikin taya ba ya mayar da ita sabuwa.

In inji yana tuntuɓe kuma salansa na warin ɗanyen mai, filogi ne ko kwayil. A nan ba sai an yi canki-canka ba. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ƙofa 16 a ƙasan sitiyari, kuma yawancin tokumbonmu daga can suke. A jona na'urar bincike. P0303 na nufin silinda ta uku ba ta cin wuta daidai. A ɗauke kwayil ɗinta a kai wata silinda, in lambar ta bi shi, an kama ɓarawo. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0128 kuwa na nufin inji ba ya kai zafin da ya dace, abin da ake yawan gani a motocin da aka cire wa tamostat aka sa fanka dairek. Irin waɗannan sukan riƙe sulo a sama suna zuƙar mai. Famfon mai da ya gaji, nozul da ya toshe, da gurɓataccen fetur na 'yan bumburutu su ma suna cikin lissafi.

Kai kuma mai mota, ka daina matsa wa bakanike da "yi sauri ina da ɗaurin aure". Gaggawarka ce take sa a ɗauko sukundireba. Ka tambaya a nuna maka lambar da na'ura ta fitar da kayan da aka cire. In kuwa fitilar gargaɗi tana ƙiftawa, ba tsayawa ta yi cak ba, ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai ne ke kwarara cikin salansa, kuma zai iya ƙona indomin motar, wato matatar hayaƙi, wanda kuɗinsa ya ninka na filogi nesa ba kusa ba.