Kafin Ka Ɗaura GPS a Kan Moto: Taswira ko Na'ura, Wanne Ne Gaba?

Babbar hanyar ƙasa ta Nijar mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta bi ta gefen Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta nufi Tasawa. Muddin mutum yana bisa wannan kwalta ba ya bukatar wani ya nuna masa hanya. Sai dai yawancin jama'ar gundumomin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa ba a bakin kwalta suke zaune ba. Malamin gona da ma'aikacin allurar rigakafi da ɗan kabu-kabu da dillalin gyaɗa duk sai sun sauka cikin rairayi, inda hanya ɗaya kan rabu uku a gindin gawo, ba allo ba alama. Shi ya sa zancen sayen GPS ya fara shiga bakin masu moto, kuma abin da aka fi tambaya shi ne wace na'ura ta fi kyau. A ganina an fara tambayar daga wutsiya. Abin da ya kamata a fara bincika shi ne taswirar da ke cikin na'urar, ko ta san karkarar Agiye ko ba ta sani ba.

Dalili kuwa yana cikin yadda abin yake aiki. GPS tsari ne na Amurka, taurarin ɗan'adam kimanin 30 suna zagaye duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne yana watso lokaci da matsayinsa. Idan na'ura ta kama saƙon aƙalla huɗu sai ta lissafa inda take. Kafin watan Mayu na 2000 Amurka na gurɓata saƙon farar hula da gangan har kuskure ya kai mita 100. Tun da aka daina, ya sauko zuwa 'yan mitoci. Yau kuma ga GLONASS na Rasha, ga Galileo na Turai, ga BeiDou na Sin, kuma wayoyi da yawa suna kama su gaba ɗaya. A ƙasa irin tamu, mai fili buɗaɗɗe da babu tsaunuka ko dogayen benaye masu tare sama, kusan kowace na'ura za ta faɗa maka inda kake daidai gwargwado, ko da babu rezo ko kaɗan, domin karɓar saƙon tauraro ba ya cin kuɗin waya. Amma tauraro lambobi kawai yake bayarwa. Bai san rijiya ba, bai san ƙorama ba. Idan ba wanda ya taɓa zana hanyar Gangara zuwa wani ƙauye, na'urar da aka saya da tsada za ta nuna maka ɗigo ne a tsakiyar farin allo.

Kano ta riga ta ga wannan darasi. Shekara da shekaru ana yaƙi da cutar shan inna da taswirorin da aka zana da hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba da sani ba. Daga 2012 aka koma zana taswira daga hotunan tauraro, ana tura mutane su tabbatar da sunan kowane matsuguni, sannan aka riƙa bai wa masu allura wayoyi masu adana sawun tafiyarsu. Wayoyin ba wasu na musamman ba ne. Aikin taswirar ne ya fito da wuraren da aka daɗe ana mantawa. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

To wace taswira ce ta dace da mu? Taswirorin takarda na ma'aunin 1/200,000 da aka gada daga Faransawa, waɗanda hukumar taswira ta ƙasa IGNN ke riƙe da su, suna da kyau wajen nuna kwari da jigawa, amma an zana yawancinsu tun kafin a sare dazuzzuka a mai da su gonaki. Google Maps ya ƙware a birni da bisa kwalta, ana ma iya sauke wani yanki a ajiye, sai dai hotunan tauraronsa ba sa buɗewa idan babu intanet, kuma ba a gina shi don adana sawun tafiya ba. Wadda ta fi dacewa ita ce OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ƙara mata hanya ko ƙauye, kuma akwai matasan Nijar da ke wannan aiki na sa kai. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps a kanta suke dogara. Ana sauke Nijar gaba ɗayanta sau ɗaya a inda rezo yake da ƙarfi, shi ke nan. Taswirar ba cikakkiya ba ce, wasu wuraren an zana su har gida-gida, wasu kuma fayau. Don haka gwajin mai sauƙi ne: kafin ka kashe ko dala, buɗe taswirar ka nemi ƙauyuka biyar da ka sani kamar tafin hannunka. A lura cewa an rubuta sunaye da rubutun Faransanci, wanda ya nemi "Gidan" ba zai samu ba sai ya rubuta "Guidan".

Akwai kuma abin da babu taswirar da ta isa ta sani, wato damina. Hanyar da ake yankewa ta cikin gonaki da rani, daga watan Yuni ta zama gero. Mashigin Gulbin Maraɗi da ake tsallakawa a busasshe a watan Maris, ya zuwa Agusta ruwa ne ke gudu. Manhaja za ta ba ka hanya mafi kusa ba tare da ta san an yi shuka ba, kuma wanda ya bi ta da moto ya tattake amfanin gona ya jawo wa kansa shari'a gaban mai gari. Saboda haka siffar da ta fi kowace muhimmanci ita ce iya adana sawu da ajiye alama, a kuma fitar da su a fayil na GPX da yawancin na'urori ke karantawa. Wanda ya bi hanya sau ɗaya tare da ɗan gari, ya adana ta da suna kamar "hanyar damina", ya sa alama a mashigi da wurin mai faci da mai sayar da mai a kwalba, ya mallaki abin da babu kamfanin da zai sayar masa.

Sai bayan wannan ake zancen na'ura. Waya tana da allo babba da taswira mai kyau, kuma tana aljihu tun can. Rauninta zafi da caji. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayarsa don aiki tsakanin digiri 0 da 35, ga shi kuwa a Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na haura 40 a inuwa, balle a kan ƙahon moto da tsakar rana, inda allo ke dusashewa wayar ta kashe kanta. A 2021 kamfanin ya yi gargaɗi cewa girgizar babur na lalata kyamarar waya. Na'urar hannu irin Garmin eTrex kuwa batir biyu ƙanana na AA take ci, irin na tocila da ake samu a kowace kasuwar ƙauye, wasu samfuran suna kai awa 25. Tana da maɓallai da ake dannawa ko hannu da ƙura, allonta na ƙara fitowa a rana, tana jure nitsewa cikin ruwa na mita ɗaya har rabin awa. Amma allon ɗan ƙarami ne, akan same ta da taswirar Turai ko Amurka, sai an sa mata ta Nijar ta kwamfuta, kuma kuɗinta ya fi na wayar Android mai matsakaicin kyau. Mai tafiyar awa biyu ko uku, waya a aljihu da ma'ajiyar caji sun ishe shi, ya tsaya a mararraba ya duba. Wanda ke wuni a daji yana auna fili, kamar ma'aikatan kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, masu shata burtali da makiyaya, shi ne ya cancanci na'urar hannu. Aikinsu ba wasa ba ne a yankin da bai manta da abin da ya faru a Toda ta gundumar Gidan Rumji ba a watan Oktoba na 1991, lokacin da rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Su kam dole su daidaita na'urorinsu a ma'auni guda, WGS84, don kada lambobin wani su saɓa da na wani a kan iyaka ɗaya.

Wani zai ce matambayi ba ya ɓata, me ya kawo wannan wahala? Gaskiya ne, kuma babu na'urar da ta kai manomin da ke bakin hanya sanin ko mashigi ya cika yau. Amma tambaya na bukatar wanda za a tambaya, da tsakar dare ko cikin hazon hunturu ba kowa a hanya, kuma ilimin da ke kan ɗan kabu-kabu ɗaya yakan tafi da shi ranar da ya tafi ci-rani. Sawun da aka adana ana tura wa sabon ma'aikaci ta WhatsApp cikin minti guda. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, kuma hanyoyin kan iyaka ba kowane lokaci ake bin su ba. Taswira ba ta nuna haɗari, kuma fayil mai ɗauke da gidaje da rijiyoyi da lokutan wucewa ba abin watsawa ga kowa ba ne. Mai aiki a can ya sa wa wayarsa makulli, ya riƙe takardar aikinsa don shingen bincike, ya tambayi hukuma kafin ya kama hanya.

Idan kai mai moto ne a Agiye ko Gazawa, kada ka gaggauta saye. Sauke taswirar Nijar a wayar da ke hannunka, ka yi damina ɗaya kana adana sawunka. Idan zafi da caji suka hana ka aiki, sannan ka nemi na'urar hannu mai cin batir, ka kuma tabbatar mai sayarwa ya buɗe maka ƙauyenku a allonta kafin ka biya.