Kare da Damina: Dalilin Ƙin Fita Waje da Maganinsa

A ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, mafarauta da makiyaya ba sa rabuwa da kare. Amma da zarar damina ta kankama, musamman a watan Agusta, akan ga kare ya noƙe, ya riƙa yin kashi a gindin rumbu.

Dalili kuwa shi ne, da hanci kare yake gane wurin da ya saba tsugunawa, ruwan sama kuma yakan wanke warin. Ga kuma tsoron tsawa.

Wannan abu yana da haɗari ga yara. A ƙasa mai danshi, ƙwayayen tsutsar hanjin kare sukan ƙyanƙyashe, cikin kwana 5 zuwa 10 'ya'yan su isa huda fatar ƙafar da ba takalmi, su bar zane mai ƙaiƙayi. Ƙwayayen wata tsutsar kuwa, idan yaro ya haɗiye su tare da ƙasa, sukan taɓa hanta ko ido.

Saboda haka, a kafa 'yar rumfa a kan tudu, nesa da rijiya, a zuba yashi, a barbaɗa ƙasar wurin da ya saba. A riƙa kai shi can da asuba da kuma bayan ya ci abinci. Idan ya yi, a ba shi ɗan nama nan take. Duka ba ya ƙara masa komai sai tsoro. A binne kashin kullum, sannan duk wata 3 a nemi maganin tsutsa wurin likitan dabbobi.