Yadda Ake Binciken Lafiyar Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa

A manyan ma'aikatu da bankuna inda ake aiki da ɗaruruwan na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ya yiwuwa ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba lafiyarsu. Saboda haka ne aka ƙirƙiro manhajojin sa ido, irin su Nagios da Zabbix da Operations Manager na kamfanin Microsoft. Aikinsu shi ne su lura ko ma'ajiyar bayanai ta kusa cika, ko wani aiki ya tsaya. Bisa al'ada launin kore alamar lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa matsala ta auku.

To, amma injiniya ba zai zuba wa allo ido dare da rana ba. Abin da yakan yi shi ne ya rubuta gajeren umurni wanda zai riƙa tambayar manhajar da kansa, ya kuma aika masa da saƙo in an sami tangarɗa. A Nagios kowane bincike da lamba yake ba da amsa: 0 lafiya lau, 1 gargaɗi, 2 haɗari, 3 ba a san halin da ake ciki ba. A Operations Manager kuwa ana rubuta irin wannan umurni da PowerShell.

Muhimmancin wannan tambaya ya bayyana ran 14 ga Agusta, 2003, sa'ad da na'urar gargaɗi ta kamfanin lantarki na FirstEnergy da ke Jihar Ohayo a Amurka ta tsaya saboda kuskure a manhaja. Fiye da awa guda ma'aikatan ɗakin kula ba su ankara ba, alhali kuwa manyan wayoyin lantarki suna taɓa itatuwa suna ɗaukewa. Kafin faɗuwar rana mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta.

Ashe shirun mai gadi ba shaidar zaman lafiya ba ne, mai yiwuwa barci ya ɗauke shi. Don haka umurni nagari ba ya tsayawa ga launi, sai ya tambayi lokacin da aka yi binciken ƙarshe. Idan amsar ta tsufa, a ɗauke ta tamkar ja. Ma'aikatun da ke riƙe da bayanan albashi da fansho su ya fi kamata su lura da wannan.