Dashe na kwana ɗaya ne, reno na shekara uku

Duk ranar 3 ga Agusta, tun daga 1975, Nijar na haɗa bikin samun 'yanci da dashen itace. A sa babbar riga, a tona rami, a ɗauki hoto. To amma wa ke komawa wurin a watan Afrilu, lokacin da rana ta ƙwalle, akuya kuma ba ta ga wani kore sai wannan ɗan tsiron?

A ƙasar Fulatari, cikin gundumar Maine Sorowa ta jihar Diffa, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Yanki ne na makiyaya, arewa da Komadugu, inda tuddan rairayi suka kewaye kwaruruka masu goriba, dabino da kanwa. Tun farin shekarun 1970 da na 1984 ciyawar da ke riƙe tuddan ta ragu, rairayi ya kama tafiya yana binne rijiyoyi da wuraren kiwo. Daga 2015 kuma rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga bakin kogi da tafkin Chadi, kowace tukunya kuwa da itacen da take ci.

Dabarar tsayar da tudu sananniya ce a nan. Ana kafa shinge gida-gida da rassan kalimbo ko na goriba don a karya ƙarfin iska, a watsa irin ciyawa, sannan da damina a dasa ɗakwara, kandili ko aduwa a tsakani. Wannan kashin yana samun hannu, don galibi ayyukan raya karkara na biyan lada. Wahalar tana farawa ne ranar da motar ma'aikata ta juya. Shinge zai zube, sai an tayar. Tsiron da ya mutu sai an maye gurbinsa. Da kaka ciyawa za ta bushe, sai an share hanyar tare gobara. Duk wannan yana kan 'yan kwamitin gari, mutanen da ba su da albashi, sai sanda da haƙuri, da baƙin jinin korar dabbar maƙwabci.

A nan ne nake ganin ake kuskure. A ƙasar kiwo, kwamitin da babu makiyayi a cikinsa ginin toka ne. Wanda aka ce ya kau da garkensa shekara uku dole ya san abin da zai samu: harawar da za a yanka a raba da rani, ƙaron ɗakwara idan ta girma, da inuwa. Mata ma haka, tunda su ke neman itace. Mutanen Maradi da Damagaram sun nuna hanya da sassaben zamani, inda manomi ke renon tohon kututture maimakon ya ƙone shi. An ƙiyasta hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta haka. A Ɗan Saga, kusa da Agiye, kwamitin sa ido na gari ne ya tare masu sara da dare. Abin ya kama ne don kowa ya san itacen nasa ne.

Namun daji su ne shaidar da ba a sayenta. Tsuntsaye kan riga kowa zuwa, da kashinsu kuma suke shuka magarya kyauta. Sai bushiya, zomo, zabon daji, wani lokacin har yanyawa. Masu gadi na gane su da sassafe ta sawu a kan rairayi. Daga nan aikin ya ƙaru, domin yaron da ya ga ƙwan zabo ba ya jiran izini, kuma mai gadin nan sau da yawa kawunsa ne.